Kusun da Baba Ya Jira

Mu a Sakkwato ɓera kusu muke ce masa, kyanwa kuwa mussa. Na faɗi wannan tun da wuri ne don rabin labarin nan na kusu ne, bakina kuma ba zai iya kiransa da wani suna ba, ko da yake na zauna a garuruwan da ake yi mini dariya in na faɗa.

Shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai ina gidanmu a Ƙofar Atiku. Aurena na fari ya mutu, ban kuwa yi masa kuka ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, saboda haka daga ni sai Baba a gidan. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba yabon kai ba, in na matse tunkuza ba mai sake samun ɗigon kirki a cikinta. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da suna ba, sai dai ya ce Uwata. Wannan suna ya ba ni bakin da ’ya’yan wasu ba su da shi a gidan ubansu, na kuwa yi amfani da shi son raina.

Baba magini ne. Siririn mutum, dogo, ba ka ganin komai a jikinsa sai jijiya da tsoka. Yana bisa katanga za a jefa masa tubali daga ƙasa ya cafe da hannu ɗaya, bakinsa bai fasa hira ba. Bayan kaka ta wannan shekarar azara ta karye da shi a wani gini, ya faɗo, ƙafarsa ta dama ta karye a ƙauri. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ta da kara, ya ce ƙashi zai kama in an yi haƙuri. Ƙashi kuwa ya kama. Abin da ya biyo baya ne mai ɗori bai faɗa mana ba.

Kwana biyu da faɗuwar sai ga Goggo, yayar Baba, daga Gidan Dare, da ƙullin kayanta a ka da ƙwaryar man shanu a hannu. Ita ta goye shi yana jariri, kuma har ya yi furfura kallon jaririn take yi masa. Karatun Goggo na jinya bai da tsawo: majinyaci da mai ake tayar da shi. Tuwo sai ya yi iyo a man shanu. Fura a zuba mata, kunu a zuba masa, romon ɓargo safe da yamma. Baba yana kwance ba ya ɗaga komai sai loma, ya ci ya ci, wuyansa ya yi taiba, kumatunsa suka cika, fatarsa tana sheƙi. Masu zuwa dubiya su tsaya bakin rumfa suna cewa jiki ya yi kyau ƙwarai, Goggo tana amsawa kamar ita aka yi wa kirari.

Ranar da aka kwance karan ɗori aka ce ya miƙe. Ya dafa ginshiƙin rumfa ya tashi, sai ƙafafun suka kama rawa, har da mai lafiyar, ya koma ya zauna daɓas. Ya sake gwadawa washegari, haka. Daga nan ya daina gwadawa a gaban mutane, daga baya ya daina ko da ba kowa.

Ni nake shafa masa magani a ƙafa, don haka ni na san abin da masu dubiya ba su sani ba. Da can sharaɓar Baba in ka taɓa ta sai ka ce icce. Yanzu in na danna, yatsana nutsewa yake kamar a cikin tuwon da bai kwana ba. Mutane kan yi wa rogo kallon kitse, mu kuwa kitsen ne sosai a gabanmu muna yi masa kallon ƙarfi.

Da a ce zaman ne kawai, da sai a yi ta zama. Amma akwai soro. Soron gidanmu Baba ya gina shi da hannunsa, kuma duk bazara shi yake hawa ya sabunta yaɓen rufin, ya toshe tsaga, ya gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Bai taɓa bari wani ya taɓa shi ba. Tun ina yarinya nake jin yana cewa, “Ranad da wani yah hau soron ga shi yi man yaɓe, ku ɗauko likkahwani.” A da dariya muke yi. Bana ba mai dariya, don akwai wata tsaga a rufin da nake hango haske ta cikinta da rana. Yaran aikinsa duk sun watse, sun tafi Sabon Gari ɗaukar siminti wurin birkiloli, don gari ya ɗauka cewa in Bature ya tafi kowa gidan bulo zai shiga. Ko dai Baba ya hau kafin damina, ko rufin ya zubo, ko wani magini ya hau masa yana kallo daga tabarma. Na san ubana. Na ukun ya fi na biyun ciwo a wurinsa.

To, ga inda kusu ya shigo.

Ɗakin da nake ajiye tunkuza da mai cike yake da su, in kusu da sata ai daddawa ma da wari. Kusun wannan ɗakin na san shi sarai: ƙato, mai sheƙi, ciki na jan ƙasa. Da muciya nake kashe shi ina tsaye, ba ya ko wahalar da ni. In mussarmu ta farke ɗaya, sai ka ga farin kitse ya ratsa har cikin naman cinyarsa. Amma akwai wani ɗan ɗaki a gefe inda nake shanya zogale da kuka, ga buhun wake, ga kanwa a kasko, kuma akwai rami tsakanin ɗakunan biyu. Kusun da ke zaune a can shi ma yana ratsowa ya sha mai ya ci tunkuza, na sha ganin sawunsa a bakin kaskon mai. Amma wannan ko mussa ba ta kama shi sai ta yi sa’a. Bango yake bi a tsaye. Na daɗe ina ganin haka ban ɗauke shi komai ba, sai ranar da yatsana ya nutse a ƙafar Baba.

Na sami Goggo tana dama fura na faɗa mata abin da na gani. Ta ajiye ludayi.

“Ke mai sunan Inna,” in ji ta, “Allah ya cece ki da sunan ga. Ba don shi ba da yau kin ji abin da ba ki taɓa ji ba. Ƙanena za ki gwada da kusu?”

Na ce, “Goggo, ba cewa niy yi a hana mashi mai ba. Cewa niy yi a ƙara mashi wani abu bisa. Kwaɗon zogala, da wake, da ’yak kanwa.”

“Haki! Sai ka ce akuya. Mutane su zaka dubiya su ishe shi shina cin haki, su ce mi? Su ce ya karye, gida ya karye?”

Nan ne gizo ke saƙa. A wurin Goggo ganye abincin wanda ba shi da shi ne, mai kuwa shaidar cewa mutum yana da dangi. Ba zan ci ta da baki ba. Sai na ce a raina, gani ya kori ji.

Na kafa tarkon ƙwarya da tsinke na kama matasan kusu biyu, girmansu kusan ɗaya. Akwai tsofaffin randuna biyu masu zurfi a bayan ɗaki da suka tsage ba sa riƙe ruwa. Na zuba kowanne a tasa, na rufe da faifai na ɗora dutse. Abincinsu ɗaya, tunkuza mai mai da gyauron man shanu, kowa ya ci iya cikinsa. Bambancin kawai, na randar dama nakan cuɗa masa garin zogale da ɗan dafaffen wake, ruwansa kuma in jiƙa ’yar kanwa. Goggo ta ce aure ne da ya mutu ya taɓa mini kai. Ta daina karɓar ruwa daga hannuna sai ta ga na wanke da toka. Ni dai ban kula ta ba, ina kiwon dabbobina har zafin bazara ya fara kankama.

Wata safiya da hantsi na mirgino randunan zuwa tsakar gida. Baba yana kan tabarmarsa a rumfa. Goggo tana tankaɗe, ta ba mu gefe, amma na ga wutsiyar idonta. Na ɗauko wata tsohuwar muciya da ta sha hannu har ta yi santsi, na buɗe randar dama na tsayar da ita a ciki.

Ban gama janye hannuna ba kusun ya biyo muciyar fit, ya yi tsalle daga bakin randa, ya bi ta kan ƙafafun Goggo ya shige ɗakinta. Goggo ta saki salati, rariya ta yi gabas gari ya yi yamma. Na yi dariya har da riƙe ciki, Allah ya yafe mini.

Sai na buɗe ta hagu. Wannan ya fi ɗan’uwansa girma nesa, gashinsa luf-luf, kyakkyawa in dai ana cewa kusu kyakkyawa. Ya shinshina muciyar, ya kama, ya hau kamar taƙi ɗaya, ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Sai ya koma gefe ya zauna, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa.

Na juya wurin Goggo da maganata a shirye a baki. Amma muryar Baba ta riga ni. Ashe ya jawo jiki har bakin tabarma, ya dafa ginshiƙi ya ɗaga yana leƙen randar.

“Uwata, kak ki ba mussa wanga.”

Na ce to.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Wanga ni na.”

Goggo ta durƙusa tana tattara garin da ya zube da gefen hannu, ba ta ɗago ba.

“Ki ba shi abin da kinka ba ɗan’uwanai,” in ji Baba, “ni ma ki ba ni. In ga ko abin na komawa. Ranad da yah hau, ni ma in hau.”

A nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ni Goggo na so in kayar. Ban yi niyyar ɗaure ƙafafun ubana a wutsiyar kusu ba. Na san wanda aka fara ba shi ganye tun yana ƙarami bai lalace ba, wannan na gani da idona. Amma ko wanda ya riga ya lalace yana dawowa, wannan ban sani ba, kuma Baba mutum ne da in ya faɗi magana ko kansa ba ya iya tayar da ita.

Daga ranar kwaɗon zogale ya shiga akushin Baba, da wake, da kunun kanwa. Goggo ba ta hana ba, ba ta kuma janye ba. In na ajiye kwaɗo sai ta biyo baya ta kwarara masa man shanu a kai, wai don kada haki ya kankare masa hanji. Na ƙyale ta, ai kusun da ya tsere ma da mai ya girma. In masu dubiya sun yi sallama sai ta yi maza ta kife akushin da faifai.

Randa kuwa aka ajiye ta kusa da rumfa. Kowace safiya Baba da kansa yake sa muciya. Amma randa mai zurfi ce, ba a ganin cikinta daga zaune, dole ya miƙe. Da na lura da haka sai na fara matsar da ita, yau kaɗan gobe kaɗan, ina cewa rana ce ke dukanta. Ya san abin da nake yi, na san ya sani, ba wanda ya tanka. Da fari da bango yake zuwa, sannan da sanda. Kafin a jima randa ta kai bakin zaure, Baba yana zuwa yana dawowa. Wata rana ina shafa magani na danna sharaɓarsa, yatsana ya tarar da abu mai tauri a ƙarƙashin taushin. Ban faɗa masa ba, na shiga ɗakin mai na yi kukana na fito.

Ba zan ce muku ga abin da ya yi aikin ba, ganyen ne, ko waken, ko tafiyar zuwa randa. Ni dai na san abin da na zuba a akushi da abin da yatsana ya taɓa, kuma a kan wannan ba mai ja da ni.

Shi kuwa gogan naka na cikin randa, ya rage tumbi, ya ƙara kuzari, yana kai rabin muciya. Daga rabi sai ya zamo. Kullum rabi. Baba ya kai ga zuwa masallaci da sandarsa, ya dawo ya wuce tsani a jingine bai ko kalle shi ba. Gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. ’Yan’uwanmu na ƙauye da suka shigo kasuwa suka ce su an yi musu yayyafi, har wasu sun yi binne, shukar jiran ruwa. Iska tana kawo ƙanshin ƙasa, tsagar rufi tana ƙara baki.

Na ce, “Baba, ƙahwakka ta yi ƙarhi. Ka hau mana.”

Ya ce, “Kusu bai hau ba.”

“Baba, kusu na hwa! Dabba ta!”

“Ke kinka kawo shi shaida. Ba a korash shaida don ta ƙi hwaɗin abin da aka so.”

Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Abin da na gane daga baya shi ne, ba taurin kai ba ne kaɗai. Baba tsoron tsanin yake ji, mutumin da ya yi rayuwarsa a sama, kuma ya sami inda zai ɓoye tsoron ba tare da ya ambace shi ba. Ya ce wataƙila idonmu ne ke hana dabbar, a bar muciyar a ciki a bar randa a buɗe. Aka kai mussa gidan maƙwabta. Na yi tunanin in kifar da randar in huta, amma Baba yana karanta fuskata kamar allo, ni kuma ina son kusun nan ya hau da kansa, don maganata ce a kan muciyar.

Wata safiya bayan an kwana ana walƙiya daga nesa, Baba ya dawo daga masallaci ya nufi randa kamar kullum. Ina bakin murhu na ji ya ce, “Uwata.” Na zo na leƙa. Muciya tana tsaye, ga guntun tunkuza, ba kusu.

Ya jingine sandarsa a bango, ya tuɓe riga, ya ɗaure wando. Ya ce in kwaɓa masa ƙasar yaɓen da ya sa aka jiƙa tun tuni da makuba, ɓawon ɗorawa mai sa yaɓe ƙarfi. Na kwaɓa. Na jawo tsani na kafa, na riƙe ƙafa ɗaya. Sai ga Goggo ta fito ta riƙe ɗayar, ba wanda ya kira ta.

Ya sa ƙafar hagu, ya jawo ta dama. A hankali yake hawa, yana numfashi da ƙarfi. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya. Rawar ƙafarsa ta biyo itacen har cikin tafin hannuna. Tsakiya, daidai inda ɗan’uwansa na cikin randa yake zamowa. Na ji Goggo tana karanta duk abin da ta sani a ƙarƙashin numfashi. Ni ko addu’ar ma ta ɓace mini, ina kallon sharaɓar nan kawai, ina ganin tsokar ta ɗaure ta saki, ta ɗaure ta saki. Sai ta ɗaure ba ta saki ba, ya ɗaga ya taka na gaba.

Da ƙafafunsa suka ɓace a bayan rufi ya zuro igiya, na ɗaura ƙwaryar ƙasa ya ja. Jim kaɗan muka fara jin tafin hannunsa yana dukan yaɓe, ɗas, ɗas, ɗas, ƙarar da na tashi da ita tun ban san sunanta ba.

Goggo ba ta saki tsanin ba ko da yake ba kowa a kansa. Idonta yana sama ta yi magana, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

“Kusunki raggo na. Shina tahiya masallaci nik kihe randa bayan gida, sai da niz zungure shi kahin shi gudu. Hannuna har yanzu ƙyama nika ji.” Ta ƙara da cewa, “Hadari ba shi jiran kusu. In kinka hwaɗa mashi, ban yahe ba.”

Matar nan da ba ta karɓar ruwa a hannuna. Haushi ya taso mini, don ta ɓata mini shaida, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa da an ƙara masa kwanaki da ya hau. Amma ina ɗaga kai na ga ƙurar yaɓe tana zubowa daga bakin indararo, sai haushin ya rasa wurin zama.

“Uwata!” in ji Baba daga sama, da tsohuwar muryarsa ta kan katanga. “Ƙasa! Ko barci kuka yi nan ƙasa?”

Ruwan farko ya sauka bayan ’yan kwanaki, mai ƙarfi. Muka zauna a cikin soron mu uku muna jin indararo yana kwarara waje, ko ɗigo bai sauko mana ba.

Baba ya ƙara shekaru yana gini. Aka karɓi mulkin kai, aka yi ta bulo da kwano, shi yana nan da tubalinsa, masu son soro mai sanyi suna nemansa. Duk wanda ya karye a unguwa sai ya je dubiya ya ba da labarin kusu, ya ce a ci mai amma a haɗa da zogale da wake, a kuma tashi a taka. Har ya koma ga Allah bai san abin da Goggo ta yi ba, ni ma ban taɓa buɗe baki ba sai yau da duk suka tafi. In yana ba da labarin a gida, yakan kai ƙarshe ya ce, “Kusu yah hau, ni ma nih hau. Ku tambayi yayata, gabanta anka yi.”

Goggo sai ta sunkuyar da kai cikin ƙwaryar furarta tana juya ludayi, ta ce, “Awo. Ni shaida ta.”